Shari'ar Mai Inji

Har yau idan na ji wani ya ce wasan kwaikwayo ai wasa ne kawai, sai raina ya ɓaci. Na ga abin da wani wasa ya yi wa mahaifiyata, na kuma ga abin da garinmu ya yi wa matar da ta fito a cikinsa, kuma ban huce ba.

A Mabera na tashi, lokacin unguwar ba ta cika haka ba, akwai filaye tsakanin gidaje inda awaki ke kiwo. Babanmu mahauci ne. Yana sayen shanu a kara, ya yanka, ya raba wa masu tebur, abin da ya rage a yi kilishi. Inna ita ke daka ƙuli-ƙuli da yaji da citta na haɗin kilishin, shi ya sa tafin hannunta kullum ja ne. Ba mu da talabijin. Baba yana da halin saye, amma ya ce shi ba ya ajiye abin da ba ya ƙiba kuma ba ya haihuwa.

Gidan da ke manne da namu wata malamar firamare ce ke haya a ciki, ita da mijinta da 'ya'yansu uku. Kiristoci ne, daga ƙasar Filato aiki ya kawo su Sakkwato. Mijin mai gyaran wutar mota ne. Malama muke ce mata mu duka, ita kuma tana kiran Inna da Yaya. Su ke da talabijin, baƙi da fari, mai ƙofofin katako da ake jawowa a rufe fuskarsa, da farin ƙyalle saƙaƙƙe a kansa.

A wancan zamani gidan talabijin sai ƙarfe huɗu yake buɗewa. Litinin da Laraba, da huɗu da rabi, ake saka wasan da nake magana. Babu mai kiransa da sunan da aka sa masa, kowa Mai Inji yake cewa. Labarin wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da gida da injin markaɗe. Sai wan mijin, wani mai babbar riga da carbi ba ya barin hannunsa, ya fito da takarda ya ce ƙanen nasa ya sayar masa da gidan da injin tun yana raye. Shi ke nan labarin. Amma an ja shi fiye da shekara, daga gaban mai unguwa zuwa gaban dattawan dangi, daga nan zuwa kotu, kuma ba wanda ya gaji.

Abin da ya fara kama mu shi ne bakinsu. Da Sakkwatanci suke magana, tsantsarsa, irin wanda muke yi a tsakar gida. Kafin nan idan ka ji mai bakinmu a akwatin, to an kawo shi ne don a yi masa dariya. A wannan wasa kuwa matar da ta fi kowa hankali ita ke cewa “munka” da “wagga”, kuma ba ta jin kunya.

Inna tana sallame la'asar za ta ɗauki faifan gyaɗarta ta ce in riƙo mata kujera 'yar tsugunno. Malama ta riga ta dawo daga makaranta, ta tuɓe takalmi, tana duba littattafan yara da jan biro a kan cinyarta. Da kiɗan buɗewa ya tashi, biro da gyaɗa duk sai su tsaya. Inna ba ta iya kallo baki rufe ba. Idan mai babbar riga ya shigo, sai ta nuna shi da yatsa.

“Wanga mutum ba shi tsoron Allah. Malama, dubi yadda ya ka jan carbi yana ƙarya.”

“Yaya, ki bari mu ji mana,” Malama za ta ce tana dariya. Amma ita ma na sha ganin ta share ido da bakin zane.

Ranar da aka ɗauke wuta, mijin Malama yakan baro gareji ya zo da batirin mota a bayan babur ya haɗa mana, ya tsaya a bakin ƙofa da hannu duk baƙin mai, yana cewa shi sauri yake, kuma ba ya tafiya sai an gama. Baba ma da ya ce ba ruwansa, idan an kai masa tuwo sai ya tambaya, idonsa a kan kwano, “Azzalumin nan naku, an kama shi ko har yanzu?”

Sai da na girma na gane dalilin da ya sa abin ya shiga ran Inna haka. Tana yarinya mahaifinta ya rasu a ƙauye, 'yan'uwansa suka raba gonarsa da shanunsa tsakaninsu, suka bar kakarmu da buhun gero ɗaya da yara biyar. Ba a je gaban kowa ba, don ba wanda ya gaya wa kakarmu cewa akwai inda ake zuwa. Inna ba ta taɓa ba ni wannan labari a zaune ba. A gutsure na tsince shi, yawanci a kan hanyar dawowa daga gidan Malama.

Wata Litinin alƙalin cikin wasan ya sa aka kawo tsohon da ya rubuta takardar, tsohon ya fara rawar baki, mai babbar riga ya fara gumi. Alƙali ya rufe littafinsa ya ce ranar Laraba zai yanke hukunci. Unguwa duk ta ɗauka. Ranar Laraba Inna ta gama dakanta tun kafin azahar. Ta soya nama ta cika kwano ta ce a kai gidan Malama. Mata sun cika ɗakin har tsakar gida, wasu ma ban taɓa ganin sun taka gidan Kirista ba sai ranar. Baba da kansa ya dawo da wuri, ya zauna a dakalin ƙofar gidan Malama inda zai ji ta taga.

Huɗu da rabi ta yi. Maimakon kiɗan buɗewa, sai ga wani babban mutum yana yanka ƙyalle a gaban rijiyar burtsatse, maroƙa na yi masa kirari. Muka ce wataƙila an ɗan jinkirta ne. Aka gama rijiya aka shiga jawabi. Aka gama jawabi aka shiga wani jawabin. Har aka kira magariba ba wanda ya fito ya ce mana uffan. Mata suka watse ɗaya bayan ɗaya, naman yana nan a kwano ya sandare.

Litinin ta zo, ba a saka ba. Laraba ma haka. Ba su ce an dakatar ba, ba su ce an gama ba, ba su ba da haƙuri ba. Wannan rainin shi ne ya fi ci mini rai. Mutane dubbai sun ba ka la'asar ɗinsu fiye da shekara, ka ɗauke abin kamar ka ɗauke kwano daga gaban kaza. Malama ta rubuta musu wasiƙa da Turanci da Hausa, mata goma sha wani abu suka dangwala yatsa, har da Inna. Mijinta ya kai da hannunsa. Ko amsar “mun gani” ba ta zo ba.

Inna ta daina zuwa kallo. Tana shiga gidan Malama su yi hira, amma idan aka jawo ƙofofin akwatin sai ta miƙe. Bayan wasu shekaru Malama ta yi ritaya suka koma garinsu. Baba ya rasu. Ni na yi aure, na zama malamar firamare kamar wadda na tashi ina gani. Muka sayi talabijin mai kala, daga baya kowa ya koma kallo a waya, na ɗauka maganar ta mutu.

Shekara uku da suka wuce Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki. Na dawo da ita gidana. Hannunta na dama ya daina aiki, maganarta ta yi nauyi, hankalinta kuma wani lokaci yana nan, wani lokaci ya koma can baya. Jikoki suka riƙa kawo mata waya da wasannin zamani masu dogon zango don ta rage kaɗaici. Takan kalli minti biyu ta ture da hannun hagu. Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa sai ta ce:

“An yanke shari'ar?”

“Wace shari'a, Inna?”

“Ta Mai Inji. Yac ce Laraba.”

Na yi dariya na ce ai an daɗe. Ba ta yi dariya ba. Washegari ta sake tambaya. Bayan kwana biyu ta tambayi mijina. Na yi tunanin in yi mata ƙarya in ce an ba matar gidanta, amma Inna ko a kwance ba a yi mata ƙarya, idonka take kallo. Sai na ce bari in je gidan talabijin ɗin in nemo mata kaset ɗin ƙarshe, ko a waya ne a tura mini.

Sau uku ina zuwa kafin in ga mai kula da ɗakin ajiya. Mutum ne matsakaici, yana cin gyaɗa a kan tebur yana duba waya. Na gaishe shi da ladabi, na yi masa bayani tun daga farko, har da ciwon Inna. Bai ɗago ba sai da na gama.

“Hajiya, wannan tsohon abu? Ai babu shi.”

“Ko kashi ɗaya, ranka shi daɗe?”

“Ko ɗaya. Lokacin kaset na wuya, sai a ɗauki tsoho a naɗi sabon abu a kai. Taruka, buɗe ayyuka, ziyarar manya. Waɗanda suka rage ruwa ya shiga ɗakin, aka kwashe aka zubar.” Ya watsa gyaɗa a baki. “Kuma wa ke ta wannan yanzu? Ki saka mata na Indiya mai fassara, tsofaffi na so.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa uwata ba tsohuwar da za a rufe wa baki da abin wasa ba ce. Na ce abu ɗaya da suka taɓa yi wanda mutanen garin nan suka ga kansu a ciki, shi suka goge don su ajiye hoton masu yanka ƙyalle, kuma a cikin masu yanka ƙyallen wa ake tunawa yau? Na ce an ba su amanar muryar gari sun bar ta ruwa ya ci. Ya dube ni kamar mai tabin hankali, ya ce shi lokacin ma yana firamare. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tasa ba ta rage mini komai ba. Ba shi ya goge ba, amma ko a jikinsa.

Ina fita, wani dattijo direba da ke zaune a gindin dalbejiya ya kira ni. Ya ji komai ta taga. Ya ce shi ya riƙa ɗaukar 'yan wasan zuwa wurin ɗauka, kuma matar da ta fito a Mai Inji tana nan da ranta a unguwar Gidan Igwai, tana sayar da kayan miya a ƙofar gida. Ya kwatanta mini layin.

Na hau keke napep na tafi a ranar. Na same ta a bayan wani teburi mai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a ƙulle cikin leda. Ta tsufa, ta rame, haƙoranta na gaba sun zube. Da na wuce ta a hanya ba zan gane ta ba. Amma da ta ce wa wata mai ciniki “ba ni ragewa”, sai na ji kamar ina zaune a kujera 'yar tsugunno a ɗakin Malama.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce mata Mama, na faɗi abin da ya kawo ni. Fuskarta ta rufe.

“Ni na bar wasa. Ki sai daddawa ko ki tahi.”

Na sayi daddawa, ban tafi ba. Na zauna a bencinta har rana ta karkata. Da ta ga ba ni da niyyar tashi, sai ta fara magana, ba ta ko kallona, tana ƙulla kuka.

Ta ce sun ɗauki kashin ƙarshe, an gama shi tsaf tun ranar Asabar. Alƙali ya tabbatar takardar ta ƙarya ce, ya mayar mata da gida da inji, ya sa aka tsare mai babbar riga. Amma akwai wani mai faɗa-a-ji a gari wanda shi ma ya cinye gidan marayun ƙanensa, kuma mutane sun fara nuna motarsa suna kiransa da sunan mugun cikin wasan. Ya aika. Ranar Talata aka kira su aka ce an rufe shirin, aka goge kaset ɗin a gaban mai shirya wasan. Na tambaye ta ko wane ne. Ta ce ya daɗe da mutuwa, in bar shi da Mai shi.

“To, Mama, me ya sa ba ku faɗa wa mutane ba?”

Nan ta ajiye ledar ta juyo.

“Waɗanne mutane? Ku? Kun kalle ni kun yi kuka, kun zagi azzalumi. Amma da dangin mijina sunka ce ba su zama da 'yar wasa wadda maza ka kallo a akwati, sunka matsa mai har yas sake ni, wa yaz zo? In na shiga gidan biki mata su ja tabarma. Ɗiyata sai da anka fasa aurenta sau biyu saboda ni. Kuna son Mai Inji cikin akwati. Ni da ka numfashi ba wanda ya so ni.”

Na zo da fushina a kan gidan talabijin da manyan gari, ga shi ta ɗora mini wani a kan mu masu kallo. Na tuna yadda na sha jin matan unguwarmu, waɗanda suka cika ɗakin Malama, suna cewa ai 'yan wasa ba su da tarbiyya. Ban tuna na taɓa jin wani ya musa ba.

Na ce mata ba wasa na zo roƙo ba. In za ta iya, ta zo ta gaya wa Inna abin da ta gaya mini, da bakinta. Ta ce ba ta zuwa. Na bar mata kwatancen gida duk da haka.

Ranar Asabar da hantsi sai ga ta ta sauka daga keke, da mayafi mai kyau da ƙullin daddawa a hannu. Na kai ta ɗakin Inna. Inna ta dube ta ba ta gane ta ba, ta amsa gaisuwa kamar yadda take amsa wa kowace baƙuwa. Matar ta zauna a bakin gado ta ce:

“Hajiya, an ce kina tambayar shari'ata.”

Inna ta ɗago hannun hagu ta kama wuyan hannun matar ta riƙe.

“Ke ta?”

“Ni ta.”

“Mi anka yi?”

Ta gaya mata, dalla-dalla, ba ta canza murya ba, ba ta yi wani motsin 'yan wasa ba. Yadda tsohon marubuci ya fashe da kuka ya faɗi gaskiya, yadda carbi ya tsinke a hannun mugun, yadda aka ɗauko injin a amalanke aka mayar ƙofar gidanta. Na zaci Inna za ta yi murna. Ba ta yi ba.

“Ashe kin ci. Shekara da shekaru kin ci, anka ɓoye muna.” Ta juya fuska ga bango. “Da uwata ta gani.”

Kakarmu tana raye lokacin da aka yanke wasan, kuma duk Juma'a Inna takan ba ta labarin inda aka kwana. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba sai a ranar.

Daga nan matar ta riƙa zuwa duk Asabar. Ba su cika maganar wasan ba. Musu suke yi, a kan ko ana sa citta a miyar kuka, a kan wace unguwa ta fi tsufa, a kan ko ni na iya tuwo. Inna da ba ta son magana saboda nauyin baki, sai ga ta tana faɗa har tana haki. Wata bakwai suka yi haka, sannan Inna ta rasu wata Alhamis da safe.

Ranar uku mata sun cika gida ana karɓar gaisuwa, sai ga ta ta shigo. Wata goggonmu, ƙanwar Baba, ta gane ta. Na ga ta taɓa ta kusa da ita, magana ta zagaya, mata biyu suka ja jiki suka bar fili a tabarma kamar an zubar da ruwa. Goggo ta ce, ba ta ko rage murya ba:

“Wa yak kira 'yar wasa gidan mutuwa?”

Ban taɓa ɗaga wa Goggo murya ba tun da nake. Ranar ma ban ɗaga ba. Na tashi na kama hannun matar, na ratsa da ita ta tsakiyarsu, na zaunar da ita kusa da ni a kan darduma, inda 'ya'yan mamaciya ke zama. Na ce wa Goggo wannan ita ta zauna da Inna wata bakwai, kuma a cikin masu jan tabarma ban ga wadda ta zo sau uku ba. Na sa aka fara zuba mata abinci kafin kowa.

Goggo ta yafa mayafi ta fita, wasu suka bi ta. Har yau ba ta yi mini magana, kuma mijina ya ce ya kamata in je in ba ta haƙuri tunda babba ce. Na ce masa zan je gaishe ta da salla kamar yadda na saba, amma haƙuri ba zan bayar ba.